Jinginar Gidan Dela

Rafi'u tela ne a unguwar Bab Makka, haifaffen nan Jidda, jikan wani mahajjaci da ya zo daga Kano a ƙafa bai koma ba. Ɗinki kawai ya sani. Wata shekara, zamanin da motoci suka fara yawa a gari, kasuwar hajji ta yi masa kyau, ya samu kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, ya rasa inda zai sa su.

Abdulghani dillali ne ya zo masa da magana. Wani ɗan kasuwa zai koma Sudan, yana riƙe da takardar jinginar wani gida a unguwar Sa'alaba, yana bin mai gidan riyal dubu huɗu, zai sayar da takardar a dubu uku.

"In an biya, ka ci dubu," in ji Abdulghani. "In ba a biya ba, gida naka ne. Ina asara a nan?"

Rafi'u bai je ya ga gidan ba, bai tambayi mai unguwa ba, bai kuma nemi malami ya ji ko sayen bashi irin wannan ya halatta ba. Ya ga hatimi da sa hannun shaidu, ya biya.

Da wa'adi ya cika ya tafi Sa'alaba. Gidan ɗaki biyu ne na katako da kwano. Usman mai sayar da ruwa, wanda ya ci bashin, ya rasu tun kafin azumi. Matarsa Dela, tsohuwa mai tuyar ƙosai, ita ta fito, 'yarta Rahamatu na bayanta.

"Ɗana, ai Malam ya biya fiye da rabi," in ji Dela. "Ni nake ƙulle masa kuɗin a gefen zane duk wata."

"Iya, babu wannan a rubuce."

"Da amana suke yi. Ba su rubutawa."

Rafi'u ya dubi fuskarta ya san ba ƙarya take yi ba. Amma ɗan kasuwar ya riga ya haye teku, kuma in ya yarda da maganarta, gumin shekara guda ya tafi. Ya ce shi takarda ya sani. Ya kai maganar gaban mai unguwa, aka kira shaidu, suka ce sun ga bayarwa, ba su ga biya ba. Dela ba ta yi gardama ba. Ta kwashe kaskonta da tabarminta, suka koma ɗakin haya a unguwar Mahjar.

Rafi'u ya zuba 'yan haya a gidan, amma bai taɓa zuwa karɓar kuɗin da kansa ba. Matarsa ta lura ya daina cin ƙosai, ba ta tambaye shi dalili ba.

Shekaru suka shige. Hukumar gari ta fitar da sabon titi ta kan gidan, aka biya Rafi'u diyyar da ta ninka abin da ya kashe sau da yawa. Maƙwabtansa a kasuwa suka riƙa yi masa barka, suna cewa yana da idon ciniki. Kowace barka sai ya ji kamar an tuna masa da tsohuwar.

Ya ɗauki rabin kuɗin ya nufi Mahjar yana tambaya gida-gida. Rahamatu ya samu, ta zama uwar 'ya'ya. Ta gane shi tun daga nesa. Dela ta rasu bara, ta ce.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, wannan haƙƙinku ne," ya ce, ya miƙa mata ƙunshin. "Ta bar wata magana a kaina?"

"Ba ta taɓa ambaton sunanka ba. Malam kawai take kira, tana cewa an maishe shi maƙaryaci yana kabari."

Ta karɓi kuɗin don tana da bukata, ta yi godiya a taƙaice, ba ta ce ya shigo ba.

Rafi'u ya je wurin mai unguwar, wanda shi ma ya tsufa, ya ce a gaban mutane ya yarda Usman ya biya abin da matarsa ta faɗa. Mai unguwa ya ce khalas, shi ke nan, magana ta wuce, titi ma ya bi ta kanta. Mutanen da ke zaune suka ci gaba da shan shayinsu. Shi kuwa ya koma shago, ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya yi rauni, kuma duk Juma'a yana sadaka da sunan Usman da Dela.