Gwangwanin Mai Aski

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aski a shago guda, mai kujera ɗaya da benci da madubin da ya tsage a kusurwa, amma ba da almakashinsa aka san shi ba. Da gwangwani aka san shi. Wani tsohon gwangwanin madara ne babba da ke kan kanta, kuma dokar shagon ita ce duk wanda zai hau kujera sai ya jefa wayarsa ciki an rufe. Tun ana ce masa Mai Aski har aka koma Mai Gwangwani, sunan kuwa yana yi masa daɗi fiye da yadda yake nunawa.

Yana da hujja. Mai waya kansa a sunkuye yake, sunkuyayyen kai kuma ba ya askuwa. Amma babban dalilinsa shi ne hira. Ya ce da zarar an ɗaura wa mutum zane a wuya, hannayensa suka ɓuya, sai bakinsa ya buɗe. A kujerar nan ya ji labarin wanda aka kora daga aiki tun kafin matarsa ta ji, kuma maganar ba ta taɓa tsallake ƙofar shagon ba. Da wannan kunnen yake tinƙaho.

Sai kuma lacca, wadda kyauta yake bayarwa ko ba a nema ba.

"Ku fa ba ku da lafiya," in ji shi ga masu jiran layi. "Da idona na ga mutum yana tafe yana latse-latse, ya yi karo da falwaya, ya ce mata yi haƙuri, ya wuce."

Tasa wayar ƙarama ce mai madannai, ɗaure da roba. In ta yi ƙara ma sai ya gama kan da ke gabansa.

Ana nan sai Auta, 'yarsa da ke aure a nesa, ta haihu, ta aiko masa da babbar waya don ya riƙa ganin jikansa. Ya juya ta gaba da baya, ya taɓe baki, ya ce saboda jika kawai. Sati guda kuwa ya cika alkawari. A na biyu wani ya nuna masa bidiyon masu aski na wasu ƙasashe, ya ce wannan ai ilimin sana'a ne. Daga ilimin sana'a aka gangara kokawa, daga kokawa aka faɗa kan wani bawan Allah da ba shi da aiki sai wanke tsofaffin injuna masu tsatsa.

"Malam, abincinka ya huce," in ji matarsa. "Ko a kai wa wayar ne?"

"Ke kina ganin irin kamun yaran nan ta yi mini? Duk sa'ar da na ga dama zan ajiye ta."

Damar ce dai bai taɓa gani ba.

A shago ya samo dabara. Ya jingine wayar ƙarƙashin madubi, bayan kwalbar hoda, ya cusa iyafis a kunnen da ke kallon bango, ya ja hula ya rufe. Wanda ke zaune zai ga idonsa a ƙasa ya ɗauka ƙeyarsa ake nazari. Hannu kuwa ya san hanyarsa, ko sau ɗaya bai yanki kowa ba, kuma abin da ya cuce shi ke nan, don da ya ga jini da ya farka. Hira ma ya yi mata tanadi, amsa uku yake juyawa: "Ikon Allah," "Ai kuwa," da "Madalla." Laccar nan kuma ba a fasa ba, gwangwani na nan yana aiki.

Cikin masu zuwa akwai Direba, tsohon matuƙin babbar mota, wanda shi ne mutum na farko da ya zauna a kujerar ranar da aka buɗe shagon. Duk Asabar yake zuwa, alhali gashin da ya rage masa bai kai a kunna masa kilifa ba. Hirar yake zuwa, kowa ya sani.

Wata Asabar Direba ya jefa wayarsa a gwangwani, ya zauna, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Daidai lokacin bawan Allahn nan yana ƙoƙarin tayar da injin da ya shekara arba'in a cikin ruwa. Injin ya tashi, Direba ya kai aya, Mai Gwangwani ya ce, "Madalla! Haka ake so."

Direba ya dube shi ta madubi, ya kwance zanen da kansa, ya ɗauki wayarsa ya fita.

Asabar huɗu suka wuce bai zo ba, kuma abin kunyar shi ne sai a ta huɗun Mai Gwangwani ya lura. Da ya yi zancen a gida, matarsa ta saki baki.

"Au, ba ka ko je duba shi ba? Ciwon daji likita ya gano masa. Matarsa ta ce kai ya fara gaya wa, tun kafin ita."

Tunda Mai Gwangwani yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya zuba kayan aski a jaka, don bai san da me kuma zai je ba.

Ya tarar da Direba kwance a ɗaki, ya rame, kansa fes, ko gira babu.

"Ka makara," in ji Direba da ya ga jakar. "Magani ya riga ka, kuma ya fi ka iyawa."

Mai Gwangwani ya zauna bakin gado. Da ƙyar ya ce, "Ranar nan, me na ce maka?"

"Madalla ka ce. Haka ake so."

"Wallahi ban..."

"Na sani, ba ka ji ba. Tsagin nan na madubinka yana nuna wayar tas. Duk unguwa an sani. Muna dai jefa namu a gwangwani ne don kada ka ji kunya."

Ya miƙa hannu ya jawo wani kwanon sha na ƙarfe da ke gefen gado, ya buɗe murfin.

"Saka."

Mai Gwangwani ya zaro wayar ya saka, aka rufe.

"Zan sake faɗa maka daga farko," in ji Direba. "Sau ɗaya, don numfashin ba shi da yawa."

Ya fara daga ranar da ya kasa haɗiye abinci. Bai yi nisa ba sai kwanon ya ɗauki ɓari, saƙo ya shigo. Hannun Mai Gwangwani ya tashi daga kan gwiwarsa tun kafin ya ankara. Direba ya katse maganar, yana kallon hannun.

Mai Gwangwani ya janye shi a hankali, ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

"Ci gaba," ya ce. "Ina jin ka."