Rasit ɗin da Ya Sha Guga

A zauren da ake muhawara kan sabon harajin ƙananan sana'o'i, idona yana kan wani dattijo a benci na uku. Rigarsa ta koɗe, amma karin gugarta kamar bakin wuƙa. Yatsunsa duk tabon ƙuna. Mai wanki da guga ne, ko tantama babu.

Wakilinmu yana ta bayani: kuɗin gwamnati ba ya isarta, giɓi ya yi yawa, sai kowa ya ƙara haƙuri. Dattijon ya ɗaga hannu tun ɗazu, har ya tallafe shi da ɗayan.

Da aka ba shi dama, sai ya buɗe ambulan. "Ranka ya daɗe, ga shaidar abin da na biya shekara shida. Ku ina shaidar abin da kuka yi da shi?"

Takardun baƙaƙe ƙirin. Irin rasit ɗin inji ne, wanda ba ya son zafi. Ina jin ya ga sun yamutse ne, ya ji kunyar nuna wa manya haka, ya jera su ƙarƙashin ƙyalle ya bi da dutsen guga.

"Baba, ai babu komai a jiki," in ji wakilin. Zaure ya kwashe da dariya, har da ni. Aka wuce tambayar.

Yanzu yana ninke su a hankali, kamar kayan mutane. Nawa rasit ɗin suna aljihuna, rubutunsu raɗau. Ban ɗaga hannu ba.