Kunnen Raoul da Motar da Ba Ta Kuka

Raoul Bouttier ɗan kawuna ne, kuma tun muna yara ba mu taɓa zama wuri ɗaya ba tare da mun tsokani juna ba. Shi ɗan gari ne, a Arnage aka haife shi, a nan ya yi aikin raba wasiƙu har ya yi ritaya, a nan kuma muka binne shi. Ni manomi ne, gonata tana can bayan Spay, shanu da masara. Ban da jini, abin da ya haɗa mu shi ne watan Yuni. Duk shekara idan aka rufe titunanmu don tseren motoci na awa ashirin da huɗu na Le Mans, sai mu sa kayan aiki mu nufi rumfarmu ta 'yan tuta, cikin kurmi kafin a kai kwanar Arnage. Aikin sa kai ne, mun yi shekara talatin da wani abu muna yin sa tare.

Aikin tuta mutum biyu ke yi, suna fuskantar juna. Mai shuɗiyar tuta yana kallon inda motoci ke fitowa, idan mai gudu ta taso wa mai sanyi sai ya ɗaga, direban gaba ya ba da hanya. Mai rawaya kuwa baya yake juya wa motocin, yana kallon inda suka nufa ko wata ta kauce ko ta kife. Ni ne mai rawaya. Wato bayana a hannun Raoul yake, idan mota ta ƙwace ta nufo shinge shi zai finciko ni. Ya yi hakan ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa barina na manta ba.

A zamaninmu da murya ake sanin mota. Tun tana can wajen ƙauyen Mulsanne, ba ka ganin komai sai bishiyoyi, Raoul zai karkata kai ya ce, "Ta gida ce, kuma silinda ɗaya ya fara tari." Sai ga ta, shuɗiyar nan ta Faransa mai silinda goma sha biyu, wadda kukanta ke sa tsigar jikinka ta tashi. Ta Amurkawa ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji ake ji. Akwai wata ta Japan da ta zo ta ci shekara guda, ƙararta kamar zarto ya ci karo da ƙusa. Bayan wannan tseren Huguette, matar Raoul, ta yi kwanaki tana masa magana yana cewa "Iye?" Ga warin ƙonannen mai da ke maƙalewa a gashi da riga, har ba ta barinsa ya shiga ɗaki sai ya tuɓe a gareji. Muna cin burodi da cuku da dakakken naman rillettes a tsaye, ruwan sama yana zuba cikin kofinmu, muna ganin babu wanda ya fi mu sa'a a duniya. Ina kewar waɗannan kwanaki, ba na ɓoyewa.

Abu ɗaya ne Raoul ya raina, shi ne dizal. Da tsohuwar motar gonata nake zuwa ɗaukarsa, kuma tun kafin in tsaya ya toshe hanci.

"Manomi, kashe wannan tukunyar suya, ka tashi unguwa! Mutum da mutuncinsa zai je wurin tsere cikin hayaƙin tarakta?"

"To ka tafi a ƙafa mana, tsohon ɗan aike. Burodin da ka ci yau da safe, dizal ne ya nome alkamarsa."

"Shi ya sa yake da nauyi a ciki."

Haka muke har mu isa.

Ni na fara lura da idonsa. Ya daina tuƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Idan yana magana da kai sai ya riƙa kallon kunnenka, kamar a can fuskarka take. Ranar da na ga ya zuba kofi a gefen kofin, a kan takalmina, na ja shi bayan rumfa na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce ya je wurin likita a Tours, don kada wani ɗan Le Mans ya gan shi. Tsakiyar ganinsa ce take mutuwa, gefe yana nan, kuma babu magani.

"Amma kunne lafiya lau, Aimé," ya ce da ni. "Tuta ba da ido nake ɗaga ta ba, ka sani. Idan Solange ta ji za ta karɓe. In aka raba ni da rumfar nan, me ya rage mini? Shuka wake?"

Solange Péan ita ce shugabar rumfarmu, malamar makaranta ce. Tana budurwa ta zo mana, Raoul ne ya koya mata riƙon tuta, amma a kan doka ba ta da uba ba ta da kawu. Na yi shiru da bakina, kuma ban ji tsoro ba. Shekaru suka biyo baya yana tsaye a gabana, bai taɓa makara da shuɗiya ba. Ihun tayar da ta zame kuwa, yakan ji shi kafin masu ido biyu su gani.

Sai labari ya zo cewa wani kamfanin Jamus zai shiga tseren da injin dizal. A shagon shan kofi na bakin coci dariya aka yi ta yi har da buga tebur. Raoul ya fi kowa.

"Aimé, ka tanadi garma a rumfa, in ta gaji da zagaye ta yi mana huɗa. Za mu ji ta tun daga Tours tana kwaf-kwaf-kwaf!"

Ni ma na ɗauka haka za ta yi. Wanda ya tashi cikin taraktoci bai san dizal mai ladabi ba.

Ranar gwaji, Lahadi ce da safe, makonni kaɗan kafin tseren. Rana ta fito, ƙasa a bushe. Na juya baya kamar kullum, motocin fetur suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, Raoul yana kiran sunayensu kamar mai gaishe da tsofaffin maƙwabta. Kawai sai na ji iska ta bugi ƙeyata. Wata doguwar mota ruwan azurfa ta wuce ta gefena da gudun da ban taɓa gani a wurin ba, babu komai tare da ita sai shuuu na taya a kan kwalta da wani siririn fito. Tutar Raoul tana ƙasa.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

"Taraktarka ce ta wuce," na ce, ina dariya. Da na dubi fuskarsa sai na daina.

Duk safiyar nan ya yi ta ƙoƙarin koyon ta. Ya cire hularsa, ya kafa kunne, har bakinsa a buɗe. Idan ita kaɗai ce yakan kama fiton nan, amma sai ta riga ta iso. Idan kuwa ta biyo bayan ta Amurkawa mai tsawa, to ta ɓace ke nan, shi ne kuma lokacin da ake bukatar shuɗiya. Kafin azahar aka kira Solange ta rediyo aka ce rumfarmu tana makara. Ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Baba Raoul, lafiya?"

"Kafaɗa ce, 'yata. Tsufa. Yanzu za ta saki."

Ta dube shi, ta dube ni, ta koma wurinta.

Da rana wata ƙaramar mota ta hau dakalin gefen titi, wani guntun jikinta ya faɗo a tsakiyar hanya. Tsofaffin hannu suna da yadda suke yi da irin wannan tun kafin a kawo rediyo: ka saurari kurmi, in ya yi tsit kana da lokacin da za ka tsallake shinge, ka ɗauke abin, ka dawo. Raoul ya yi haka duk rayuwarsa, kurmin bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ina kaɗa rawaya, sai na hango da gefen ido ya ɗora ƙafa a kan shinge. Na yi abin da mai rawaya ba ya yi, na waiwaya. Ga mai dizal ɗin nan tana fitowa daga cikin bishiyoyi. Na yar da tuta na cafki ɗamararsa na fizgo, muka zube tare a kan tukwanen kashe wuta. Motar ta kauce wa guntun ta wuce abinta.

"Kai manomi, ka haukace ne?" Raoul ya daka mini tsawa yana kakkaɓe yashi. "Kurmi shiru yake!"

"Shiru yake, amma ta wuce."

Ya tsaya da kakkaɓar. "Kai ka ji ta?"

"Ban ji ta ba, Raoul. Ganin ta na yi."

Ya daɗe zaune a ƙasa. Da aka tsayar da gwaji don share hanya, ya miƙe ya naɗe shuɗiyar a jikin sandarta, a hankali, yadda yake koya wa sababbi. Ya je ya miƙa wa Solange, ya gaya mata komai, har da likitan Tours. Ba ta yi faɗa ba. Idonta ya ciko, ta ce ya zauna a rumfa ya riƙe rediyo, ko ya kula da abinci, babu mai korar sa.

"A'a, 'yata. Ni ba mai dafa kofi ba ne." Ya nuna ni da haɓa. "Bayan wannan wawan aka ba ni in tsare. Yau shi ya juyo ya tsare nawa. To lokacin da ya juyo, wa ke kallon gabansa?"

A hanyar gida na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce yayi ne kawai, dizal ba zai daɗe a tsere ba, ya yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu su tattara su koma gona inda suka fito. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Idon nawa ma ka gaya masa ya jira?" Rabin maganata ya zama gaskiya. Dizal ya bar tseren daga baya, amma sai da ya yi shekaru yana ci, kuma kafin nan Raoul ba ya gane fuskar Huguette sai ta yi magana. Ranar dai bai toshe hanci ba da ya shiga motata, abin ya fi zagi ciwo.

Ranar tsere aka haɗa ni da wani likitan haƙori daga Laval, mutumin kirki, idonsa kamar na shaho, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Bai kuma ce mini uffan ba sai "don Allah miƙo gishiri". Na ci burodina ni kaɗai.

Da aka tashi ranar Lahadi da yamma ban tsaya bikin rufewa ba, na wuce gidan Raoul da kayan aiki a jikina. Huguette ta tare ni a ƙofa.

"Yana lambu. Tun jiya ya hana ni kunna rediyo da talabijin. Na kai masa bargo, na kai masa miya, ya ƙi shigowa. Ka je ka ji da ɗan'uwanka, ni na gaji."

Daga bayan gidansu ana jin hanya sarai idan iska ta juyo. Na same shi a kujera tsakanin kunyoyin wake, bargo a gwiwa. Tun ban yi magana ba ya ce, "Kana warin rumfa." Sannan ya fara karanto mini tseren. Ta Amurkawa ta gama lafiya, amma da asuba an sauya mata wani abu a salansa, muryarta ta buɗe. Ta Ingila mai silinda goma sha biyu ta daɗe a gareji da safe, ta dawo tana ɗingishi a giya ta uku. Wata ƙaramar Jamus injinta ya fashe wajen kwanarmu, ya ji lokacin da ya tafi. Ta gida mai fetur ta yi ta bin wani abu har ƙarshe, ba ta sassauta ba, ya ji tausayin direbanta. Duk abin da ya faɗa haka aka yi, ni da na tsaya a bakin hanya ban fi shi sani ba.

Ya juyo da kai yana kallon kunnena.

"To, wa ya ci?"

Tun ina saurayi nake jiran ranar da dizal zai kunyata Raoul. A hanya ma sai da na tsara abin da zan faɗa, ko zai yi dariya. Na nemi ko ɗaya na rasa.

"Wadda ba ka ji ba," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Ba ta cika tsayawa shan mai ba, ko?"

"Ba ta cika ba."

"Haka kuke masu dizal, ku da rowa." Ya laluba ya jawo bokitin ban ruwa, ya kife shi kusa da kujerarsa. "Zauna, manomi. Gaya mini yadda take shiga kwanarmu. A ina take taka birki?"

Na zauna a kan bokitin na fara ba shi labari, tun daga inda take ɓullowa cikin bishiyoyi. Ya rufe ido yana saurare, bai katse ni ba ko sau ɗaya.