Ƙwan fitilar da Ɗantala ya tsare mota a kansa

Ranar Alhamis, 9 ga Maris 1967, ina tsakiyar awon masu ciki a likitar Dogon Dutsi, wato asibitinmu, direbanmu Tukur ya leƙo ya ce Allah ya yi wa Ɗantala makanike rasuwa, bayan jinyar kwana shida. Na ajiye ma'auni na zauna.

Ɗantala, shekara bakwai muna aiki tare, ni Clémentine ungozoma, kai mai kula da tsohuwar baƙar motar da wani Bature ya bar mana da zai koma gida. Ita kaɗai muke da ita ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye. A shekarun nan na yi faɗa da mutane da yawa, halina ne, amma ban taɓa yin irin wanda na yi da kai a daminar 1963 ba.

Ka murɗa makulli, ka ga jar fitilar da ke gaban direba ba ta kama ba, wadda ke gargaɗi idan baƙin mai ya zube. A ƙa'ida takan kama da an murɗa makulli, ta ɗauke in inji ya tashi. Ƙwanta ya mutu, abu bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ka zare makullin ka jefa aljihu.

"Madam, motag ga ba ta tahiya," ka ce. "In mai ya zube cikin daji, wa za shi gaya ma Tukur?"

Na ce inji lafiya lau yake, kunnena ya ji. Ko kallona ba ka yi ba.

Aka shiga neman ƙwai. Motarmu ƙarfin wutarta volt shida ne, motocin yanzu kuwa sha biyu, duk wanda aka kawo sai ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ka je Dosso, ka aika Yamai, ka sa masu fatauci su duba Birnin Kebbi, babu. Mako biyu ina zuwa Dogon Kiriya a amalanke, jakar aiki bisa cinya. Na kai ƙararka wurin babban likita, na kira ka mai taurin kai a gaban jama'a. Kai kuwa kana bin gidajen ma'aikata kana roƙon su bar ka ka buɗe rediyoyinsu da suka lalace, har ka samu wani ƙwai da ke haska lambobin tasha, mai volt shida. Gindinsa bai yi daidai da ramin ba, ka zauna da dalma ka liƙa masa waya.

Wata biyu bayan haka muka ɗauko Zalihatu daga Sukukutane, kwananta biyu tana naƙuda, jaririya ta zo a gicciye. Da tsakar rana, nesa da kowane gari, fitilar ta kama jawur. Tukur ya kashe mota nan take. Ashe kututture ya huda tukunyar mai. Ya toshe da sabulu da tsumma kamar yadda ka koya masa, ya ƙara mai, muka iso. Da injin ya ƙone a wurin nan, da uwa da ɗiya ba su kai la'asar ba. Yarinyar yau tana gudu a gidan ubanta.

Na san ka ji labarin, amma ba ka taɓa tayar mini da shi ba. Ni kuma girman kai ya hana ni in ce komai.

Ran sadakar uku, matarka Ladidi ta ja ni gefe ta miƙo mini gwangwanin ashana. Ƙwai huɗu ne a ciki, naɗe da auduga, kowanne da wayarsa a liƙe. Ta ce tun shekarar nan kake tara su, don kada mota ta sake tsayawa ko ba ka nan.

Allah ya jiƙanka, Ɗantala, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Ladidi, da ke da yara da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Ni kuma abin da na kasa faɗa kana raye, ga shi a gaban kowa: kai ke da gaskiya. Ka yafe mini.