Dokin Kaftin Yana da Suna

Jiya na ga masu karatu a salula suna ta yabon wani marubucin Faransa da littattafansa na yaƙin duniya. Wata ma cewa ta yi sai da ta yi kuka. Raina ya ɓaci, don nan take na tuna da kawuna, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a nan Dakoro.

Kawu ya karance littattafan mutumin nan kaf. Yakan lasa yatsa ya buɗe shafi, ya ja tsaki, amma ba ya ajiyewa. Mahaifinsa yake nema a ciki, wanda Nasara suka ɗauka soja daga Kornaka yana tsakar girbin gero, bai sake dawowa ba.

Wata la'asar na kai masa shayi a zaure, littafin na warin tsohuwar takarda a cinyarsa.

Ya ce, "Zauna, ɗiyata, ki ji." Ya fassara mini mutuwar dokin wani kaftin: sunansa, farin goshinsa, yadda aka yi ta jimaminsa shafi bayan shafi. Sannan ya dangwala yatsa kan layi guda: baƙaƙen sojoji da dama sun faɗi a wurin.

"Kin gani? Doki na da suna. Ubana ba shi da."

Shayin ya huce bai taɓa ba.

Su yi ta kukansu a kan doki. Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa ka da tsohonka inda ake kiran kowa da sunansa.