Kwamfutar da Ta Ce Ba Kowa

A rumfar masu tumatir da ke bakin titin Kura, tsoho Mukhtari ya tsura wa wani baƙo ido. Siriri ne, kaftaninsa ya koɗe, ga kwamfutar tafi-da-gidanka a kan cinyarsa. Malamin gona ne ya kawo shi, don hotunan tumatirin Mukhtari da ke mutuwa suna cikin katin kyamara, kwamfutar kuwa ta ƙi nuna su.

Baƙon yana zura katin a raminsa, ya zare, ya sake zurawa, a hankali kamar mai ba majinyaci magani.

"Lalacewa ta yi?" in ji Mukhtari.

"A'a, Baba. Umarnin da kamfani ya dasa mata ne ke da kuskure. Ko an sa kati, sai ya ce wa manhajar ba kowa. Zan koya mata ta daina jira a gaya mata, ta riƙa leƙawa da kanta."

Yana ta danne-danne, leɓensa na motsi, shayinsa ya huce bai sani ba. Mukhtari ya raya a ransa cewa lallai wannan ya taɓa tsayawa a ƙofar wani aka ce masa ba kowa, alhali akwai.

Can sai hotunan suka bayyana, ganye duk ya nannaɗe ya yi rawaya. Baƙon bai yi murmushi ba. Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Baba," ya ce, "duk gonar ce haka?"