Zuwera Tela da Atamfar Tazarce

Duk kasuwar Wadata babu wanda bai san Zuwera tela ba. Gajera ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi, kuma da rumfar nan guda take ciyar da ƴaƴanta tun rasuwar mijinta.

Shekarar da mai mulki ya ce ba zaɓe sai ya ƙarasa aikinsa, aka sauke bandir-bandir na atamfa mai hotonsa a kasuwa. Wani Isaka, ɗan koren manya, ya bi rumfa-rumfa yana cewa duk macen da ba ta sa ta ranar mitin ɗin tazarce ba, ta nemi wani wurin kasa kaya. Ɗinkin kuwa Zuwera ya danƙa wa, da gargaɗin kowane hoto ya fito sarai.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta sha rana a layin zaɓe ba sau ɗaya ba. Amma ta ce masa to, an gama.

Kowane tela ya san a ƙirji ake dasa hoto. Zuwera ta auna, ta yanka, ta sauko da shi daidai mazaunai. Ranar gwaji wata mai sayar da tattasai ta sa tata ta juya, rumfa ta kaure da dariya, wata har da hawaye. Aka rantse ba mai faɗa, kowa ta yafa babban mayafi.

Ranar mitin Isaka ya ɗauki lasifika ya ce a cire mayafi manya su gani. Aka cire, aka juya musu baya. Ya rikice ya ce a zauna. Ai kuwa suka zauna daram, wasu har da gyara zama. Ya ce a tashi, suka miƙe da guɗa da rawa, fuskar mai mulki na karkaɗawa hagu da dama. Jandarmomi ma sai cizon leɓe suke.

Ya nemo Zuwera yana huci.

"Kai ka ce ya fito sarai," in ji ta. "Nan ne ya fi faɗi."

Washegari aka garƙame rumfar. Ta ɗora keken ɗinkinta a kura, tana tafe tana ƙyalƙyala dariya har unguwarsu ta Bobiel. A ƙofar gida autarta Ramlatu ta tare ta tana tambayar abin da za a dafa.

"Hura wuta tukuna, ina zuwa."

Ta shiga ɗaki ta kwance bakin buhun gero, ta daɗe tsaye tana kallon abin da ya rage.